"Ba Matsala, Ranka Ya Daɗe": Tsadar Shirun Ma'aikaci

Duk wanda ya taɓa zama a taron safe na wata ma'aikata ya san yadda ake rufe shi. Shugaba ya gama jawabi, ya ɗaga kai ya tambaya ko akwai mai magana. Ɗaki ya yi tsit, can wani daga gefe ya ce, "Ba matsala, ranka ya daɗe." A yi addu'a, a tashi. Tun ba a kai bakin ƙofa ba an fara ƙus-ƙus. Direba ya san tayoyin motar da aka ce a loda wa kaya sun suɗe. Mai kula da sito ya san buhunan da ke jingine da bango sun sha danshi. Akawu ya san lissafin da aka karanta bai haɗa da bashin da ake bin kamfani ba. Kowa a ɗakin ya san wani abu, in ban da mutum ɗaya, wato wanda zai sa hannu. A ganina, cikin duk asarorin da wurin aiki ke tafkawa babu wadda ta kai wannan tsada, domin ba ta fitowa a littafin akawu sai bayan ta gama ɓarna. Saboda haka aikin farko na mai jan ragamar mutane, kafin raba aiki da sa ido a kan lokacin zuwa, shi ne ya tabbata labari mara daɗi yana iso masa da wuri, daga bakin wanda ya gani da idonsa, kuma mai faɗar bai rasa komai ba don ya faɗa.

Shugabanni da yawa suna ɗaukar wannan shiru a matsayin hali: wai ma'aikatan yanzu ba su da kishi, ko munafukai ne, ko ba ruwansu da dukiyar da ba tasu ba. Amma idan aka duba da kyau, shirun lissafi ne, kuma sau da yawa lissafin daidai yake. Tun kusan ƙarni guda da ya wuce aka ga haka a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Chicago a Amurka, inda aka yi jerin bincike daga 1924 zuwa 1932. A zangon ƙarshe, masu binciken sun ware maza 14 masu haɗa wayoyin na'urorin tarho a ɗaki guda, suka sa mutum ya zauna yana kallonsu wata da watanni. Tsarin biyan ya tanadi cewa yawan aiki yawan kuɗi, don haka ana zaton kowa zai dage. Abin da aka gani daban ne. Mutanen sun yanka wa kansu adadin da suka ɗauka shi ne aikin yini, ba sa son a wuce shi. Wanda ya cika sauri sai a bi shi da zolaya, ko a ɗirka masa naushi a dantse. Wanda ya kai maganar ɗan'uwansa wurin na sama ya zama abin ƙi. Har rahoton aikin da suke bayarwa sukan daidaita shi, ranar da aka yi da yawa a ɓoye wani a ajiye wa gobe. Dalilinsu a fili yake: suna tsoron idan kamfani ya gano iya abin da za su iya, zai ɗaga ma'auni, ko ya rage farashin aiki, ko ya sallami wasu. Lokacin kuwa tattalin arzikin duniya ya karye, kuma binciken kansa ya tsaya ne a 1932 saboda aiki ya yi ƙaranci ana ta sallamar mutane. Masana sun soki ɓangarori da dama na binciken Hawthorne, kuma wasu sukar suna da ƙarfi, amma wannan abin da aka gani a ɗakin mutum 14 duk wanda ya taɓa aikin lebura zai gane shi. Ma'aikaci yana ɓoye abin da ya sani ne idan ya ga cewa faɗarsa za ta dawo ta cije shi.

Idan shiru lissafi ne, ashe ana iya sauya shi ta hanyar sauya abin da ake lissafawa. Babu inda aka gwada wannan a fili kamar wata masana'antar motoci a garin Fremont na jihar Kalifoniya. Kamfanin General Motors ne ke da ita, kuma ta yi ƙaurin suna a matsayin ɗaya daga cikin mafi lalacewa a duk masana'antunsa. Kusan kashi 20 cikin ɗari na ma'aikata ba sa zuwa aiki a kowace rana, har wata safiyar a rasa isassun hannaye da za a tayar da layi. Ana shan giya a bakin aiki. Ƙorafe-ƙorafen da ƙungiyar ƙwadago ta shigar sun taru dubbai ba a warware ba. Motoci suna fitowa da aibi iri-iri, sai an ja su gefe an sake gyarawa. A 1982 kamfanin ya gaji ya rufe wurin. Duk wanda aka tambaya a lokacin zai ce laifin mutanen ne. Bayan shekara biyu, a 1984, aka sake buɗe masana'antar da sunan NUMMI, haɗin gwiwa tsakanin General Motors da Toyota ta Japan, kuma Toyota ce ke tafiyar da aikin. Abin da ya sa labarin ya zama darasi shi ne, kusan kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka yi wa tambarin lalaci, har da shugabannin ƙungiyar ƙwadagon da suka fi kowa taurin kai. Gini ɗaya, gari ɗaya, kusan mutane ɗaya. Cikin ɗan lokaci ingancin motocin ya hau sahun gaba a duk masana'antun General Motors, ya kusa kamo na masana'antar Takaoka da ke Japan, fashin zuwa aiki kuma ya sauko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari.

Abubuwa da dama aka sauya, amma akwai guda da ya fi nuna ruhin sauran, wato wata igiya da ke rataye a saman layin harhaɗa motoci, daidai inda hannun ma'aikaci zai kai. Japanawa na kiran tsarin andon. A zamanin tsohon shugabanci doka ɗaya ce kowa ya haddace: layi ba ya tsayawa. Idan noti ya ƙi ɗauruwa, ko ka ga kujera ta zauna a karkace, kana da ƙasa da minti guda kafin motar ta wuce ka, kuma tsayar da layi laifi ne da zai iya cin aikinka. Don haka sai ka bar ta ta wuce. Na gabanka ya ɗora nasa aikin a kan kuskurenka, na gabansa ya rufe da kafet da roba, har aibin ya nutse can cikin cikin mota inda ba mai ganinsa sai mai saye. A sabon tsari kuwa, da ka ga abin da bai yi maka ba sai ka ja igiya. Fitila ta kama a wani allo, wani ɗan kiɗa ya tashi, shugaban ƙaramin rukuninku na mutum biyar ko shida ya taho da sauri. Tambayarsa ita ce me ya faru, kuma ta ina zai kama maka. Idan kun gyara kafin motar ta kai iyakar wurinka, layi ya ci gaba. Idan ba ku gyara ba, layi ya tsaya cak, da ɗaruruwan mutanen da ke kansa, saboda lebura guda ya ce akwai matsala. An kwashi ɗaruruwan ma'aikatan Fremont zuwa Takaoka don su ga wannan da idonsu, kuma da yawansu sun faɗa daga baya cewa abin da ya fi girgiza su shi ne ganin an tsayar da layi a kan ƙaramin abu, sannan babu wanda aka yi wa tsawa. Igiyar ba wata fasaha ba ce, kowane maƙeri zai iya rataya irinta. Ƙarfinta yana cikin abin da ke biyo bayan jan ta: wanda ya zo, da fuskar da ya zo da ita.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wurin aiki mai ɗakin shi ne wanda hannunsa ke kan inji, ko ya yi shekara ɗaya a makaranta ko bai yi ba. Mai tuƙa injin casar shinkafa yana jin ranar da ƙarar injin ta sauya tun kafin wani abu ya karye. Birkila ya san lokacin da aka fara ƙwauron siminti a kwaɓi. Yaron shago ya san atamfar da mata suka daina tambaya tun kafin maigida ya sake saro dila guda. Wannan ilimi kyauta ne, an riga an biya kuɗinsa cikin albashi, amma yawancin wuraren aiki an gina su ta yadda ba zai taɓa hawa bene ba.

Akwai kuma wani tarko da shugaba mai kyakkyawar niyya ma ke faɗawa, wato ya ɗauki rashin jin ƙorafi a matsayin shaidar lafiya. A farkon shekarun 1990 wata mai bincike a Jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta shiga wani nazari kan kuskuren ba da magani a sassa takwas na wasu asibitoci biyu. Ta yi zaton sassan da ke da shugabanci nagari da haɗin kai za su nuna kuskure kaɗan. Da alƙaluma suka fito sai ta ga akasin haka, sassan da suka fi kyau su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka koma aka zauna da ma'aikatan jinya, sai bayanin ya fito. A sassan da shugabar ke saurare, nas takan faɗi kuskurenta a rubuta a gyara. A sassan da ake hukunci da wulaƙanci kuwa, kuskuren yana nan, bakin ne aka rufe. Daga nan Edmondson ta gina abin da ta wallafa a 1999, wanda za a iya kira kwanciyar hankalin faɗin gaskiya a cikin rukuni, wato mutum ya amince cewa tambaya, ko amsa kuskure, ko saɓa wa ra'ayin na gaba, ba za su jawo masa tozarci ba. Abin lura ga kowane shugaba shi ne, littafin da babu kuskure a cikinsa yana iya zama littafin sashen da ya fi kowane haɗari. Manajan da ke alfahari cewa shekara guda ba wanda ya kawo masa ƙara, ya kamata ya tambayi kansa ina ƙarar ke zuwa.

Wani lokaci kuma maganar takan fito, amma ta fito a raunane har ta kasa tsayar da komai. Ranar 27 ga Maris, 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife, jiragen Boeing 747 guda biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo mai kauri. Mutum 583 suka mutu, kuma har yau babu hatsarin jirgin sama da ya kai shi yawan rayuka. Dalilan suna da yawa, akwai hazo, akwai ruɗanin magana ta rediyo, akwai gaggawa. Amma na'urar naɗar murya ta adana wani abu. Kyaftin ɗin KLM babban malamin matuƙa ne a kamfaninsa, hotonsa ake bugawa a tallar kamfanin, kuma shi ya yi wa mataimakin da ke zaune kusa da shi jarrabawar tuƙa irin wannan jirgi. Da jirgin KLM ya fara gudu don tashi, injiniyan jirgin ya tambaya ko jirgin Pan Am ya riga ya bar titin. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari. Ba a sake tambaya ba. Mutumin da ke da shakkar da za ta ceci rayuka yana zaune taku biyu daga mai riƙe da jirgin, ya faɗe ta da sigar tambaya, aka ture ta. Bayan wannan da wasu hatsarori makamantansa, kamfanonin jirage suka fara horar da matuƙa yadda na ƙasa zai faɗi damuwarsa a fili ya kuma nanata, da yadda na sama zai nemi a faɗa masa. United Airlines ce ta fara kafa cikakken shiri irin wannan a 1981, yau kuwa ya zama wajibi a harkar jirage ta duniya.

Na san abin da mai karatu zai ce a nan, kuma maganarsa tana da nauyi. Mu mutane ne masu kunya da girmama na gaba. Yaro ba ya kallon idon babba ya ce masa ka yi kuskure, kuma al'ummar da ta zubar da wannan ta zubar da abu mai daraja. Ashe wannan tsari ba na waɗanda ke kiran ubangidansu da sunansa gatsal ba ne? Amsa ta farko ita ce, igiyar nan daga Japan ta fito, ƙasar da ake sunkuya wa na gaba, harshenta ma yana da sigar magana ta musamman ga wanda ya girme ka. Mai yiwuwa ma tsananin ladabin ne ya sa suka bukaci igiya, domin mutumin da ba zai iya buɗe baki ya katse babba ba yana iya ɗaga hannu ya ja zare. Amsa ta biyu tana cikin abin da muka taso muna ji a makarantun zaure. Malaman sira sun ruwaito cewa gab da yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, Hubabu ɗan Munziru ya ga wurin da rundunar Musulmi ta sauka bai yi masa ba. Bai yi shiru ba, bai kuma yi gatsali ba. Ya fara tambayar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wannan masauki umarni ne daga Allah ko kuwa dabara ce ta yaƙi. Da aka ce masa dabara ce, sai ya kawo shawarar a matsa kusa da rijiyoyi, aka kuwa karɓa. Ladabi da faɗin gaskiya sun zauna a jumla ɗaya. Abin da ke hana magana a ofisoshinmu sau da yawa tsoro ne ya ari rigar kunya, kuma ana gane shi da cewa mutumin da ya kasa magana a gaban shugaba bakinsa ba ya rufuwa da zarar shugaban ya juya baya.

An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Karin maganar tana da gaskiyarta, amma ta tsaya a rabin hanya, domin ba ta faɗi wanda ya yi bafaden ba. Ma'aikata suna karanta shugabansu fiye da yadda suke karanta kowace takardar doka. Sun ga wanda aka yi wa ƙarin girma bara da wanda aka tura ƙauye. Sun ga yadda fuska ta sauya ranar da wani ya ce kuɗin da aka ware ba zai isa ba. Idan mai kawo albishir ne kullum ake ba kujera, mai kawo gargaɗi kuma ake ba takardar tuhuma, to cikin shekara guda duk ofis zai koma 'yan amshin Shata, har da waɗanda suka zo da gaskiyarsu. Shugaban da ya waiga ya ga fadawa kaɗai a bayansa, shi ya tace su da hannunsa, ko da bai sani ba.

Suka ta biyu ita ce ta masu tsoron sakaci. Za su ce idan aka daina hukunta kuskure, kowa zai yi abin da ya ga dama, kuma idan aka buɗe ƙofar magana, magulmata ne za su fara shigowa. Wannan damuwa ce ta gaske, sai dai ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai kuskuren da mutum mai kula zai iya yi saboda gajiya, ko rashin horo, ko kayan aiki marasa kyau, akwai kuma ganganci da ha'inci. Direban da ya ce birki ya fara saki, da direban da ya zuƙe man mota ya sayar, ba a auna su da mudu ɗaya. Na biyun hukunci ya dace da shi, kuma abokan aikinsa ma sun fi kowa son a hukunta shi. Wanda ya ɓoye kuskure har ya yi ɓarna shi ma ya cancanci tuhuma, amma tuhumar ɓoyewa, don kowa ya gane cewa faɗa ta fi sauƙi a kan rufewa. Ita kuwa gulma, a wurin da babu hanyar magana a fili take yin ƙiba. Gulma tana zuwa da dare, a kan mutum, ba ta son a ambaci mai kawo ta. Jan igiya kuwa da rana ake yinsa, a kan aiki, a gaban kowa. Shugaban da ke karɓar rahoto a ɓoye daga 'yan leƙen asirinsa yana zaton yana jin komai, alhali abin da yake ji shi ne abin da mutum biyu ko uku suka zaɓa masa, sauran kuma sun ƙara kulle bakinsu saboda sun san akwai kunne a bango. NUMMI kanta ba wurin sakaci ba ce. Dokar zuwa aiki a can ta fi ta da tsanani, kuma kowane aiki yana da tsararren yadda ake yinsa daki-daki.

Suka ta uku ita ce ta fi ƙarfi, kuma ba na jin ana iya kauce mata. Mai ita zai ce duk wannan zance ne na masu ƙoshi. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024, in ma ana biyansa hakan, wanda aka ɗauka aikin wucin gadi ba takarda, wanda ya san akwai mutum ɗari a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa, wace igiya zai ja? Gaskiya ne, kuma wannan ne ya sa murmushin shugaba kaɗai ba ya wadatarwa. Toyota ta fahimci haka. A yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar ƙwadago, kamfanin ya yi alkawarin ba zai sallami ma'aikata ba sai in rayuwar kamfanin ce ke cikin haɗari, kuma kafin a kai ga haka za a fara rage albashin manya. A 1988 kasuwa ta faɗi, aikin masana'antar ya sauko zuwa kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙarfinta, ba a kori kowa ba, aka tura mutane horo da gyare-gyare. Daga ranar ma'aikata suka san alkawarin ba na baka ba ne. A ɗaya gefen kuma ga bankin Wells Fargo na Amurka, wanda ke da layin waya na musamman don kai rahoton rashin gaskiya, da duk wasu takardun ɗa'a da ake buƙata. Amma an ɗora wa ƙananan ma'aikata adadin asusun da dole su buɗe, adadin da ba ya cimmuwa ta halal, wanda ya gaza kuma aikinsa na rawa. Sai suka shiga buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, ya bayyana cewa ya kori ma'aikata kusan 5,300, daga baya aka ƙiyasta asusun da ake zargi sun kai miliyan 3.5. Tsofaffin ma'aikata da dama sun shaida wa 'yan jarida cewa sun kira layin nan sun faɗi abin da ke faruwa, abin da ya biyo baya shi ne sallama. Ashe mai sukar bai rushe maganar ba, ya nuna farashinta ne. Wanda ke son gaskiya daga bakin ma'aikaci dole ya biya shi a kan lokaci, ya ba shi takardar ɗaukar aiki, kada kuma ya ɗora masa ma'aunin da sai da ƙarya ake cika shi.

Bai kamata a mayar da Fremont aljanna ba. Wasu 'yan gwagwarmayar ƙwadago, musamman Mike Parker da Jane Slaughter, sun soki tsarin tun a 1988, suna cewa shugabanci ne ta hanyar matsi: ana amfani da fitilun allon nan a gano inda aiki ke tafiya da sauƙi, sai a rage hannu a wurin har kowa ya koma aiki ba numfashi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma gargaɗi ne cewa ilimin da ma'aikaci ya bayar ana iya juya shi a kansa, wanda shi ne ainihin abin da mutanen Hawthorne suka ji tsoro. Ita ma General Motors ta sha wahalar kwafar abin da ta gani. Ta gwada a masana'antarta ta Van Nuys, abin bai kama ba, aka rufe ta a 1992. Rataya igiya abu ne na yini guda, amma manajan da ake auna shi da yawan motocin da suka fita ba zai yi maraba da mai tsayar masa da layi ba, ko igiya nawa aka rataya. NUMMI ta rufe a 2010 bayan General Motors ta durƙushe ta janye hannunta, ginin kuma yanzu Tesla ke ƙera motoci a cikinsa.

Mai garejin makanikai ko shugabar makarantar firamare ba su da kuɗin tura kowa Japan, kuma ba sa buƙata. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata 'yar takarda mai tambayoyi 19 da ake karantawa a ɗakin tiyata. Ɗaya daga ciki shi ne, kafin a sa wuƙa, kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa, sannan a tambayi likita da mai sa barci da nas ko akwai abin da ke damun kowannensu. An gwada ta a asibitoci takwas, daga Landan da Toronto har zuwa Ifakara a Tanzaniya, kuma sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna mace-mace bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin ɗari. Ba a ga irin wannan nasara a duk inda aka kwafi takardar daga baya ba, musamman inda aka mayar da ita abin cikewa don a ce an cike. Amma hikimar faɗin suna a bayyane take: bakin da ya buɗe sau ɗaya a farkon aiki ya fi saurin buɗewa a karo na biyu, lokacin da nas ta ƙirga audugar da aka sa a cikin mara lafiya ta ga saura ɗaya ba ta fito ba.

Irin wannan ƙananan dabaru suna hannun kowa. Shugaba ya riƙe ra'ayinsa sai ƙarshen taro, domin da ya faɗa tun farko sauran sai amin. Ya fara tambayar mafi ƙanƙanta kafin manya su shata layi. Ya daina tambayar ko akwai matsala, tunda amsarta a haddace take, ya tambayi direba wace taya ce ta fi damunsa, ya tambayi mai sito wane buhu zai fara lalacewa. Ya sauko inda ake aikin, domin mutumin da harshensa ke sarƙewa a ofis mai kafet yakan yi bayani tiryan-tiryan a gaban injinsa. Idan an faɗa masa abu, ya dawo da amsa ko da amsar ita ce ba kuɗi a wannan watan, saboda wanda ya yi magana sau biyu bai ga komai ba, ba zai yi ta uku ba. Ranar kuma da yaron gareji ya zo yana sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, na manta ban ɗaure notin tayar motar da ta fita ɗazu ba," sauran yaran duk sun ajiye sifana suna kallo. Maigidan da ya fara zaro waya ya kira mai motar ya ce ya tsaya inda yake, ya tura yaron da babur ya ɗaure, sannan da yamma ya zauna da su a kan yadda za a riƙa duba kowace taya sau biyu kafin mota ta bar gareji, zai ji labarin noti na gaba tun motar tana kan jak.